Na'urar Rijiya Mai Lamba Sha Huɗu

Gidan Marigayi Malam Ɗahiru,
Unguwar Rimin Bahago,
Cikin Birnin Zariya.
Litinin, 11 ga Nuwamba, 1996.

Zuwa ga:
Babban Jami'i,
Shirin Lura da Ruwan Rijiyoyin Birni,
Zariya.

Ta hannun:
Mai Unguwar Rimin Bahago.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: ƘORAFIN MALAMA KULU ƊAHIRU KAN SANARWAR DA OFISHINKA YA SA AKA KARANTA RANAR 4 GA OKTOBA, 1996, DANGANE DA RIJIYA MAI LAMBA SHA HUƊU

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa irin wadda ta dace da matsayinka, tare da fatan wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da ma'aikatan da ke ƙarƙashinka.

Mai wannan ƙorafi ita ce Malama Kulu, matar marigayi Malam Ɗahiru malamin firamare. Ba ta yi boko ba, shi ya sa ni 'yarta Jamilatu nake rubutawa a madadinta. Ina neman afuwa tun daga farko idan an ga kuskuren tsari, domin ban taɓa rubuta wa hukuma takarda ba. Zan riƙa kiranta mai ƙorafi, saboda bakina bai saba da ambaton sunanta ba. Abin da ke ƙasa daga bakinta ya fito, wani kuma daga bakin Baba Nasidi, yayan mahaifinmu, wanda shi kaɗai ne namijin da ya rage a gidan. Ni ina makarantar kwana lokacin da yawancinsa ya faru.

A taƙaice, ofishinka ya sanar wa unguwa cewa mai ƙorafi ta cire na'urar gwamnati daga rijiyar gidanta da gangan don ta ɓoye lalacewar ruwa, har mutum uku suka rasa rayukansu. Ɗaya daga cikin ukun nan 'yar autarta ce. Tana roƙon a saurari yadda abin ya kasance, kamar haka:

1. Ranar Litinin, 20 ga Nuwamba, 1995, ma'aikatanka uku suka zo gidan nan a farar mota, Malam Ɗahiru ya yi musu iso har tsakar gida. Mai ƙorafi tana ɗaki, tana kallo ta gefen labule. Suka kafa doguwar sandar ƙarfe a jikin katanga, da eriya a samanta, da wani baƙin faranti mai ɗaukar hasken rana, da akwati mai kwaɗo. Daga akwatin suka jawo waya zuwa bakin rijiya. A ƙarshen wayar na'urar take, kamar ƙaramar taɓarya irin ta wasan yara. Shugabansu, wanda ya ce sunansa Malam Ja'afaru, ya bayyana cewa an sa irinta a rijiyoyi da dama cikin birni, kowace tana ɗanɗana ruwa tana aika labari ta iska kamar oba-oba, wannan ta miƙa wa waccan, waccan ta miƙa gaba, har labarin ya isa teburinsu. Ya ce daga ranar rijiyarmu ta zama lamba sha huɗu, kuma ko ba su zo ba suna ganinta. Idan ruwan masai ko na kwata ya ɓulla cikinta, su za su riga mu sani, su zo da magani. Ya ce muddin ba a ga motarsu ba, ruwan lafiya lau yake, ba sai an wahala da tafasawa ba. Kafin ya zura na'urar, sai da ya wanke kanta da wani ruwa garai-garai daga kwalba, ya goge da auduga, ya sake wankewa. Mai ƙorafi ta ga wannan da idonta, ta riƙe shi a ranta.

2. A wannan rana Malam Ja'afaru ya bar umarni biyu, ya kuma ɗaga murya don na cikin ɗaki su ji. Na farko, kada a kuskura a bar kan na'urar ya bushe, domin in ya bushe ta mutu ke nan, kuma gidan ne zai amsa. Na biyu, kada wani mahaluki ya zura ta rijiya ko ya gyara mata zama in ba su ba, domin zurfin da aka rataye ta aunanne ne. Bai faɗi abin da za a yi ranar yasa ba. Ranka ya daɗe, duk wanda ya taso a birnin nan ya san ba rijiyar da ke wuce bazara ba a yashe ta ba. Ba a bar wata takarda a gidan ba. An ce in da matsala a gaya wa mai unguwa, shi ya san yadda zai same su.

3. Ranar 24 ga Fabrairu, 1996, kwana kaɗan bayan ƙaramar Sallah, Allah ya yi wa Malam Ɗahiru rasuwa bayan gajeriyar jinya. Mai ƙorafi ta shiga takaba. A cikin watan Maris Malam Ja'afaru ya zo zagayensa, ya tarar da tabarmin gaisuwa, ya zauna a zaure ya yi wa Baba Nasidi ta'aziyya, ya ɗaga kai ya dubi sandar daga waje. Baba Nasidi ya ce zai yi masa iso, ya ce a'a, ba zai kutsa gidan da ake takaba ba, sai wani jiƙon. Mai ƙorafi ta ce in rubuta cewa ta san ladabi ne ya sa shi haka, kuma ta gode. Sai dai wannan shi ne zuwa na ƙarshe da wani wanda ya san aikin na'urar ya yi gidan nan.

4. Ranar Asabar, 13 ga Afrilu, ruwa ya ja baya har guga tana ɗebo laka. Baba Nasidi ya kirawo Inuwa mai yasa, wanda shi ke yashe rijiyar nan tun kafin a haife ni. Inuwa ya leƙa ya ce ba zai sauka da wayar lantarki tana lilo a kansa ba. Aka jawo na'urar a hankali. Wajen jawowa ƙugiyar da ke riƙe da wayar a bakin rijiya ta ɓalle, domin tsatsa ta riga ta ci ta. Da aka gama yasa, Baba Nasidi ya ce a mayar da ita. Inuwa ya ce shi bai san zurfin da aka auna ba, ƙugiyar ma ta karye, kuma yana da iyali, ba zai taɓa kayan gwamnati a zo a tafi da shi ba. Baba Nasidi maɗinkin riguna ne, aikin allura ya cinye masa ido, shi ma bai yarda ya gwada ba. Na'urar tana kwance a kan dutsen wanki, rana ta fara bugun ta.

Mai ƙorafi tana jin su daga ɗaki. Ba ta iya fitowa gaban Inuwa, sai ta aika da magana ta bakin ƙofa cewa a mirgino ƙaramar randarta zuwa gindin rijiya, inda wayar za ta kai. Ruwan rijiyar a ranar jajir yake da laka. Ta tuna irin ruwan da Malam Ja'afaru ya wanke na'urar da shi, ta ji tsoron kada laka ta toshe ta. Sai ta tafasa ruwa, ta tace da farin ƙyalle, ta bari ya huce, aka cika randar, aka tsoma na'urar, aka rufe da faifai. A tunaninta abin kwana biyu ne, masu ita za su zo.

5. Ba su zo ba. Randa tana tsotse ruwa, bazara kuma tana shanye saura. Don haka duk bayan kwana biyu ko uku mai ƙorafi takan tafasa wani ta ƙara, ranar Juma'a kuma ta juye tsohon ta ɗauraye randar ta zuba sabo, tana riƙe da kan na'urar a cikin kwano don kada iska ta taɓa shi. Ta yi mata rumfa da tsohon zana saboda rana. Ta ɗauke ta amana ce da mijinta ya karɓa, ya mutu ya bar mata. A wannan lokaci kananzir ya yi wuya a gari, itace ma sai an yi tattali. An riga an gaya mata ruwan sha ba ya buƙatar tafasawa muddin ba a ga mota ba, ba a kuwa gan ta ba. Saboda haka, ranka ya daɗe, daga Afrilu zuwa Agusta, duk ruwan da aka tafasa aka tace a gidan nan, na'urarku aka zuba wa. Mutanen gida daga rijiya suke sha.

6. Sanarwarku ta ce ba a taɓa shaida wa ofis ba. Mai ƙorafi tana musun wannan cikin ladabi. Washegarin yasa Baba Nasidi ya je ya gaya wa mai unguwa. Mai unguwa ya tare direban motarku a bakin kasuwa ya gaya masa, direban ya ce zai isar. Bayan babbar Sallah aka sake aikawa ta wannan hanya. Amsar da ta dawo ita ce ana wahalar mai, an hana mota yawo, yanzu ba ta zuwa sai inda na'ura ta nuna matsala, kuma lamba sha huɗu ba ta nuna komai ba sai alheri. Da farkon damina Baba Nasidi ya hau mota da kansa ya nemi ofishinku. Maigadi ya ce masu aikin sun fita, ya zauna a benci har la'asar, ya bar sallahu ya dawo. Gaskiya ne ba a rubuta takarda ba. A unguwarmu da baki ake kai saƙo, kuma hanyar da ma'aikatanku suka nuna ke nan tun ranar farko. Mai unguwa yana raye, direban ma yana raye.

7. Damina ta sauka da ƙarfi. Cikin watan Yuli kududdufin bayan gidanmu ya cika ya tumbatsa, ya shanye masai na gidaje biyu da ke gefensa. A farkon Agusta amai da gudawa ya ɓulla a unguwannin da ke kusa. Ranar Juma'a, 9 ga Agusta, wani mutum ya zo da gwangwanin fenti ya zana koren da'ira a jikin zaurenmu, ya rubuta sha huɗu a tsakiya. Mai shela ya zaga da yamma yana cewa ofishin ruwa ya ce a daina ɗiba a rijiyoyin da aka yi wa jan fenti, a koma masu kore, kuma a duk yankin nan babu mai tsabtar ta gidan Malam Ɗahiru.

Mai ƙorafi ba ta yi shiru ba. Tun mai fentin bai rufe gwangwaninsa ba ta tura Baba Nasidi ya gaya masa na'urar tana randa, ba ta rijiya. Mutumin ya ce shi ɗauko shi aka yi ya shafa fenti, lamba aka ba shi, kuma waɗanda suka ba shi sun fi shi sani. Da wannan amsa ta dawo mata, sai ta zauna ta yi lissafi irin nata. An ce mata ko ba su zo ba suna ganin rijiyar. Ga sanda a tsaye, ga eriya tana kallon sama, an kuma kai musu saƙo har sau uku. Sai ta ɗauka sun sani, kuma suna da wata hanyar gani da ita ba ta sani ba. Ba wanda ya taɓa gaya mata cewa na'urar ba ta san kowane ruwa ba sai wanda ya taɓa kanta. Ni kaina sai daga baya malamar kimiyyarmu ta bayyana mini.

Ta ce kada in ɓoye cewa ta yi murna a ranar. Ba ta daɗe da fita takaba ba, gidan ya yi shiru tun Fabrairu. Ta sa aka ɗaura sabuwar igiya, ta aro guga ta biyu, ta share gindin rijiya, ta buɗe ƙofar gida tun da sassafe. Mata da 'yan mata suka yi layi da tuluna da bokitai har zaure. Wadda ba ta da ƙarfin ja, ita ke ja mata. Ta yi niyyar ladan shayarwar Allah ya kai kabarin Malam.

8. Ranar 14 ga Agusta Gwaggo Jummai, tsohuwar da ke gida na uku daga namu, ta kwanta, washegari ta cika. Ranar 16 Umma, 'yar maƙwabciyarmu Ladi, wadda ba a daɗe da yaye ta ba, ta bi ta. A ranar aka kwashi mutane da dama daga layinmu zuwa asibiti, Allah ya tashi kafaɗunsu. Ranar 17 da hantsi Maijidda, autar mai ƙorafi, ta fara amai da gudawa. Shekararta huɗu. Mai ƙorafi ta haɗa mata ruwan gishiri da sukari kamar yadda ake faɗa a rediyo, da ruwan rijiyar ta haɗa, domin shi ne mai koren fenti. Da azahar idanun yarinyar suka faɗa. Aka samu mota da ƙyar zuwa asibitin Wusasa, ma'aikatan can sun yi iya ƙoƙarinsu, jijiya ta ƙi samuwa. An dawo da ita kafin magariba a naɗe cikin zanen goyonta. Ni an je an ɗauko ni daga makaranta washegari, na tarar an riga an kai ta.

Akwai abu ɗaya da mai ƙorafi ta ce lallai in sa, ko da bai shafi ofis ba. Wata rana cikin Yuni, ana zafi, Maijidda ta ɗaga faifan randar ta tsoma moɗa za ta sha, domin ruwan ciki ya fi sanyi. Inna ta buge mata hannu, ta ce wannan na gwamnati ne, ta ɗebo mata na rijiya. Ta faɗa mini wannan sau ɗaya, ba ta yi kuka ba. Tun ranar da aka dawo daga Wusasa ban ga ta yi kuka ba. Tana tashi, tana salla, tana shara, in an sa mata abinci ta ci.

9. Bayan rasuwar Maijidda mutane da kansu suka daina zuwa ɗiba. Koren fentin yana nan a jikin zaure, ba wanda ya zo ya goge. Sai ranar Talata, 17 ga Satumba, duba-gari biyu suka zo da kwalabe, Baba Nasidi ya shigo da su. Suka ɗebi ruwan rijiya, suka bi waya da ido har gindin randa. Ɗayansu ya ɗaga faifai, ya daɗe yana kallo, ya kira ɗan'uwansa. Suka yi tambayoyi, mai ƙorafi ta amsa daga bakin ƙofa, ba ta rage komai ba, domin ba ta san akwai abin ɓoyewa ba. Ba su rubuta amsarta ba. Sati bai zagayo ba aka zo da siminti aka rufe bakin rijiyar, aka yanke wayar, aka tafi da na'urar a cikin buhu. Mai ƙorafi ba ta ƙorafi a kan rufe rijiyar. Ta ce ko an buɗe ba za ta ƙara zura guga cikinta ba.

10. Ranar Juma'a, 4 ga Oktoba, bayan sallar la'asar, aka karanta sanarwar ofishinka a ƙofar masallacin unguwa, gaban maza duka. Baba Nasidi yana sahun gaba. An ce bincike ya tabbatar cewa matar gidan lamba sha huɗu ta cire na'ura da gangan, ta sa ta cikin tafasasshen ruwa don ta yaudari hukuma, a ce rijiyarta ta fi ta kowa. An ce shirin ya yi aikinsa daidai, na'ura ba ta yi kuskure ba, laifin na hannun da ya taɓa ta ne. An ce saboda tausayi ba za a kai ta kotu ba. Ba a kira ta ba kafin a yanke wannan hukunci. Ba a kira Baba Nasidi ba, ba a kira Inuwa ba, ba a tambayi Malam Ja'afaru umarnin da ya bari ba. Baba Nasidi ya miƙe zai yi magana, aka ce masa takardar daga sama ta zo, ba wurin muhawara ba ne.

Ranka ya daɗe, ina roƙon a duba wannan da idon basira. Matar da ta san ruwa gurɓatacce ne, ta ɓoye, ita ce za ta haɗa wa 'yarta ruwan gishiri da sukari da shi?

11. Kafin sanarwar, unguwa ta ɗauki abin a matsayin ƙaddara da ta faɗa wa kowa. Ladi da kanta ta shigo gaisuwar Maijidda, suka zauna tabarma ɗaya, kowacce ta rasa 'ya. Bayan sanarwar abubuwa suka canja. Akwai wata 'yar kafa a katangar da ke tsakaninmu da gidan su Ladi, ta nan ake miƙa wuta da gishiri da kwanon tuwo shekara da shekaru. Mijinta ya kwaɓa ƙasa ya toshe ta. An yi suna biyu a layinmu, ba a aiko mana da goro ba. Mai ƙorafi ta yi waina ta sadaka don Malam da Maijidda, ta rarraba gida-gida kamar yadda aka saba, kwanukan suka dawo a rufe yadda suka tafi, wani ma ba a ɗaga murfinsa ba. Ta jera su a tsakar gida, ta zauna tana kallonsu har kaji suka fara hawa. Masu kawo wa Baba Nasidi ɗinki sun ragu. 'Yan garuwa sukan wuce ƙofarmu sai an bi su da kira. Yara sun sa wa gidanmu suna, ba zan rubuta shi a takardar hukuma ba.

Mai ƙorafi a unguwar nan aka kawo ta tana amarya, a nan ta haifi 'ya'yanta, a nan ta binne miji da 'ya. Ba ta da wani wurin zuwa. Ba ta neman diyya, ba ta neman a kori kowa daga aiki. Sunanta take nema a mayar mata, domin da shi za ta ƙarasa zama da mutanen nan.

Saboda haka, cikin ƙasƙantar da kai, tana roƙon ofishinka da waɗannan abubuwa:

(a) A sake bincike, a kira Malam Ja'afaru, da direban motar shirin, da mai unguwa, da Inuwa mai yasa, da Baba Nasidi, a ji ta bakin kowa a gaban kowa. A ba mai ƙorafi dama ta yi magana, a kuma rubuta abin da ta faɗa.

(b) A janye kalmar "da gangan" da kalmar "yaudara". A karanta janyewar a inda aka karanta zargin, ƙofar masallaci, ranar Juma'a bayan la'asar. Kuma tun da mata ba sa tsayawa a wurin, a turo ma'aikaciya mace ta shiga gidajen layinmu ta faɗa da bakinta, ta fara da gidan Ladi.

(c) A zo a goge koren fentin da ke jikin zaurenmu. Mun yi niyyar kankare shi, Baba Nasidi ya ce kada a sake taɓa abin hukuma ba da izini ba.

(d) Bazara tana tafe, kuma sauran rijiyoyin da ke da na'ura za a yashe su kamar kowace shekara. A aika wa matan gidajen, su da ke tsaye a kan rijiyoyin, abin da za su yi ranar yasa. A kuma gaya musu a fili cewa na'urar ruwan da ya taɓa ta kaɗai ta sani.

Da na gama rubutu na karanta wa mai ƙorafi daga farko har nan. Ta saurara ba ta katse ni ba. Sai ta ce in ƙara roƙo ɗaya, in rubuta shi yadda ta faɗa, kada in gyara:

(e) Idan bayan bincike ofis ya ga har yanzu laifinta ne, ta karɓa, ba za ta ƙara damun kowa da takarda ba. Amma a taimake ta a aiko a gaya mata, a cikin umarni biyun da aka bar mata, wanne ya kamata ta karya ranar yasa. Ta ce kullum tana auna su, ta ɗauki wannan ta ajiye, ta ɗauki wancan ta ajiye, har yau ba ta gano ba, kuma tana so ta sani kafin ta je ta tarar da Maijidda.

Muna jiran amsarka ta hannun mai unguwa, ko ta kowace hanya ka ga ta dace. Allah ya ƙara maka lafiya da adalci, ya sa ka gama da aikinka lafiya. A gafarta mana tsawon bayani da duk wata kalma da ta wuce iyaka.

Mai biyayya gare ka,

Malama Kulu Ɗahiru
Ta dangwala babban yatsanta na dama a nan.

Wadda ta rubuta da izininta:
Jamilatu Ɗahiru

Shaida:
Malam Nasidi maɗinki, Rimin Bahago